Tambayi Kawu: Takalmin fam 200 zai hana ƙafata jiƙewa a kan keke?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Kawu, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ɗalibi ne a Sheffield, daga Katsina na zo, kuma wannan ne hunturuna na farko a Ingila. 'Yan ajinmu ne suka ja ni hawan keken tsauni, na sayi wani na hannu, abin kuma ya shiga raina sosai. To amma tun da Nuwamba ta kama, duk ranar da muka fita sai na dawo da ƙafa jiƙe sharkaf. Asabar ɗin da ta wuce yatsuna biyu suka sage, ban ji su ba sai bayan isha'i. Kambas nake sawa da safa biyu, fedar kekena kuma mai faɗin nan ce mai 'yan ƙusoshi. Na ga takalman da aka ce ruwa ba ya shigarsu, amma wasu har fam 200, kuɗin cefanena na wata guda ke nan. In na daure na saya, matsalar ta ƙare? Sannan yaya zan yi da alwala idan azahar ta riske ni a kan tudu?

Ɗanka, daga Sheffield

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Bari mu fara da yatsun nan biyu kafin mu zo kan takalmi, don su ne suka fi tsaya mini a rai. Yatsan da ya sage tun rana bai farfaɗo ba sai bayan isha'i ba abin da za a yi dariya a wuce ba ne. Akwai raunin da sanyi da danshi ke yi wa jijiyoyin ƙafa ko da ruwa bai daskare ba. Ƙafa ta daɗe a jiƙe cikin sanyin da bai wuce digiri 15 ba, ya isa, Sheffield kuwa a Janairu ko da rana tsaka da ƙyar take wuce 7. Ciwon nan ne ya kwantar da dubban sojoji a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya sake kama sojojin Birtaniya a yaƙin Falkland a 1982. Inda ya shafe mu kai tsaye shi ne wani bincike da mujallar likitocin sojan Birtaniya ta wallafa a 2009, wanda ya nuna cewa matasan sojoji baƙaƙen fata sun fi Turawa saurin kamuwa da raunin sanyi a hannu da ƙafa wajen ninki 30, kuma nasu ya fi tsanani. Abokanka za su yi awa huɗu da jiƙaƙƙiyar safa su dawo suna raha. Kada ka auna kanka da su. In kana da sikila, ka san sanyi da jiƙa na tada ciwon. In akwai ciwon suga, ƙafar ma ba lallai ta gaya maka tana cutuwa ba.

Duk ranar da ka dawo da ƙafa a sage, ka tsane ta da tawul, ka sa busasshiyar safa, ka bar ta ta ɗumama a hankali cikin ɗumin ɗaki. Kada ka murza ta, kada ka ɗora ta a kan hita ko ka tsoma ta a ruwan zafi, don ƙafar da ba ta ji tana iya ƙonewa ba ka sani ba. Idan sagewar ko zogi ko kumburi ya kwana, ka ga likitanka, ko ka kira 111, lambar neman shawarar lafiya a Ingila, su ba ka shawara.

Yanzu takalmi. A'a, ɗana, fam 200 kaɗai ba za su ƙare matsalar ba. Kowane takalmi, mai araha da mai tsada, yana da ƙatuwar ƙofa a sama, wadda ƙafarka ke bi ta shiga, kuma ta nan mafi yawan ruwan ke bi. Idan kun sake hawa hanyar Houndkirk ko Blacka Moor, a tuddan Peak District da ke gefen Sheffield, ka lura da abin da tayar gaba ke yi. Tana kwasar ruwan kududdufi tana fesa maka a ƙwauri, ruwan ya gangaro ya tarar da bakin safa, safa ta tsotse shi ta kai shi har yatsu. Ko sama ba ta zubo da ɗigo ɗaya ba ranar, haka za a yi, don tuddan Peak District ba sa bushewa daga Oktoba har Maris. Takalmin da ruwa ba ya ratsa jikinsa kuwa, in ruwan ya shiga ta sama, ba shi da mafita. Na sha ganin mutum ya tsaya a gefen hanya da sabon takalminsa dal, ya zare, ya kife shi, ruwa ya tsiyayo, yana ta zagin kamfani. Kamfanin bai yi masa ƙarya ba. Gajeren wando ya sa.

Abin da kake biyan kuɗin nan dominsa wani siririn shafi ne da ake sawa tsakanin fatar waje da yadin ciki. Wanda ya fi suna shi ne Gore-Tex, wanda Bob Gore ya gano a Amurka a 1969, lokacin da ya fizgi wata irin roba mai zafi ta miƙe ta zama mai ƙananan huda birjik. Kamfanin ya ce kowace huda ta fi ɗigon ruwa ƙanƙanta sau 20,000, ta kuma fi ƙwayar tururi girma sau 700, shi ya sa ruwa ba ya shiga amma tururin gumi na fita. Haka ne, a kan takalmi mai tsabta. Da zarar taɓo ya lulluɓe shi, ko fatar waje ta sha ruwa ta ƙoshi, tururin ba shi da inda zai bi, ƙafa kuwa tana cikin wuraren da suka fi yin gumi a jikin mutum. Ka hau tudun da ya sa ka haki na rabin awa, za ka sami danshi a safa ko ba ka taka ruwa ba. Sannan akwai yashin duwatsun yankinku, wanda masu keke suka san shi da cinye birki da sarƙa. In ya shiga takalmi, a hankali yake goge shafin nan a wajen lanƙwasar yatsu, wata rana sai ka ji sanyi na tsattsafowa ta nan.

Shi ya sa nake so ka sauya abin da kake nema. Ƙafa busasshiya ƙayau bayan awa uku a kan tuddan Ingila a Disamba, da wuya ka same ta. Ƙafa mai ɗumi kuwa ana samu, ko da da ɗan danshi. Ruwa na janye zafin jiki wajen sau 25 fiye da iska, amma abin da ya fi cutar da kai shi ne haɗuwar ruwan da iskar gangara. Ka san yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwa a tsakar gidanku a Katsina: jikinta na tsattsafo da danshi, iska na busar da shi tana tafiya da zafin. Jiƙaƙƙen kambas a kan keke mai gangarowa randa ce, ƙafarka ce ruwan ciki. Duk abin da ya tare iska, ya hana sabon ruwa mai sanyi shigowa ya kori wanda jikinka ya riga ya ɗumama, ya yi maka rabin aikin.

Sauran rabin jini ne. Safa biyun nan da kake sawa, ina kyautata zaton su ne suka kashe maka yatsu. Takalmin da ka saya daidai ƙafarka da safa ɗaya, ka cusa masa biyu, ya matse tam, jini ya daina kaiwa yatsu yadda ya kamata, iskar da ke riƙe ɗumi a cikin saƙar safa kuma an matse ta ta fice. In na auduga ne abin ya ƙara muni, don auduga in ta jiƙe ta gama aiki, sai dai ta manne a fata tana sanyi. Safa ɗaya ta ulu, irin ulun tumakin merino, cikin takalmin da yatsu ke motsi a sake, ta fi uku na auduga a matse. Ka kuma tuna jiki na da wayo: in ƙirji ya ji sanyi, hannu da ƙafa yake fara yanke wa jini. Sau da yawa maganin sanyin ƙafa ƙarin riga ne, da hula a ƙarƙashin hular kwano, da ɗan dabino a aljihu. In ka ji yatsu sun fara tafiya, sauka ka tura keken na minti biyar. Taka ƙasa na lanƙwasa ƙafa yana mayar da jini, abin da tuƙa feda ba ya yi.

Da ni ne kai, da kuɗin ɗalibi a hannu, ba da takalmi zan fara ba. Zan fara da marfin tayar gaba mai tare taɓo, dogon, ba ɗan guntun da ake ɗaurewa don ado ba. Wajen fam 20 zuwa 30 ne, kuma shi ke rage ruwan tun daga tushe. Sai dogon wando mai hana ruwa. Wajen gwada shi kada ka tsaya a miƙe gaban madubi. Ɗora ƙafa a kan kujera, gwiwa a lanƙwashe yadda take a kan keke, ka ga ko bakin wandon har yanzu yana rufe idon sawu. Da yawa a tsaye sun kai, a kan sirdi sai su haye su bar ƙofar a buɗe. Sai safa mai hana ruwa, irin ta Sealskinz, kamfanin da ke Norfolk a nan Ingila, ko DexShell. Hawa uku ce: yadi a waje, shafin hana ruwa a tsakiya, ulu ko wani yadi a ciki, kuɗinta kuma tsakanin fam 30 da 50. Sayi mai tsayi har ƙasan gwiwa, don gajeruwar ita ma ta sama take cika. Ka sa siririyar safar ulu a ƙarƙashinta, ka yanke farce kafin ka sa, don farcen babban yatsa ne ke fara huda ta. Da wannan safar, ko da takalmin ya jiƙe, ka tsallake rafi ka fito ƙafa lafiya, muddin ruwan bai haura bakinta ba. Sai dai tana da kauri, saboda haka takalmin da za ka ɗora mata ya fi naka na kullum da lamba ɗaya.

Akwai wata dabara ta tsofaffin masu keke a nan da ba ta cin fam biyu. Ka sami safar hannu ta roba, irin ta wanke-wanke, ka yanke wajen yatsun ka bar wuyan. Ka zura ƙafa a ciki ka ja shi sama, gefe mai matsi ya kama fatar ƙwauri, gefe mai faɗi ya sauko ya rufe bakin safa ko bakin takalmi. Ruwan da ya gangaro sai ya bi ta kan robar ya zube waje. Ba ta da kyan gani, musamman in rawaya ce, amma wando zai rufe ta. Kada dai ta matse har ta bar maka zane mai zurfi a fata, in ba haka ba ka koma matsalar jini.

In ka yi waɗannan ka ga har yanzu hawan na ranka, kuma kuɗi sun samu, sai a zo maganar takalmin. A nan feda ce ke yanke hukunci. Taka mai faɗi ce mai ƙusoshi, saboda haka kana buƙatar tafin takalmi shimfiɗaɗɗe mai taushin roba, wanda ƙusoshin za su nutse a ciki su riƙe. Kamfanin takalma na Five Ten, wanda Adidas ya saya a 2011, da wannan robar ya yi suna. Sai dai ka yi hankali da Freerider ɗinsu na yau da kullum: yana kama feda sosai, amma in ya sha ruwa sai ya kwana biyu bai bushe ba. Na hunturun su ne Trailcross GTX, mai Gore-Tex da wuyan roba mai kama idon sawu, da Freerider EPS, wanda aka cusa wa abin ɗumi. Na farkon ya fi hana ruwa, na biyun ya fi ɗumi, kuma ga yanayin Sheffield da irin jikinmu ni na farkon zan ɗauka, babba, in cika shi da ulu. Endura na Scotland ma suna yin irinsa, su kuwa ruwan sama ba baƙonsu ba ne.

Ɗaya nau'in fedar ita ce wadda takalmi ke maƙalewa a jikinta da wani ɗan ƙarfe a tafin, tsarin SPD da Shimano suka fito da shi a 1990. Takalman hunturu sun fi yawa a wannan ɓangaren, irin su MW5 da MW7 na Shimano ɗin. Kada wannan ya sa ka sauya feda a hunturunka na farko. Mai koyo a kan taɓo da jiƙaƙƙen dutse yana buƙatar sauke ƙafa ba tare da tunani ba. Amma in wata rana ka koma can, ka zare shimfiɗar cikin takalmin a shago ka duba ƙasanta. A takalmin bazara za ka ga farantin ƙarfe da ramuka biyu dogaye, har haske na shigowa ta nan. Ruwa na bi ta ramukan, ƙarfen kuma na jan zafin tafin ƙafarka yana miƙa wa feda. A takalmin hunturu na kirki an rufe wurin ruf.

Ko wanne za ka saya, ka je shago da ƙafarka, da safar da za ka riƙa sawa, kuma da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Mu da muka tashi da silifa da takalmin fata buɗaɗɗe, yawancinmu gaban ƙafarmu na da faɗi, takalman Italiya kuwa a ganina sun cika tsukewa a wajen yatsu. Kamfanin Lake na yin masu faɗi, ka tambaya. Ka ɗaure takalmin, ka motsa yatsu duka biyar. In ɗaya ya kasa, bai yi ba. Ka buɗe harshen takalmin ka ga ko an ɗinke gefunansa da jikin takalmin har sama, don in a sake yake, ruwa zai bi ta wajen igiya tun a kududdufin farko. Ka zura yatsa a wuyan ka ji ko yana kama ƙwauri ko hamma yake yi. Wuyan nan ya fi sunan da aka buga a gefe muhimmanci. Ka kuma yi haƙuri har Maris ko Afrilu, lokacin da shaguna ke karya farashin kayan hunturu.

Za a ce maka ka sayi rigar takalmi, wadda ake ɗorawa a sama a ja zif. Ga masu keken kwalta tana aiki. A kan tudu, inda kake sauka kana tura keke a kan duwatsu, ƙasanta ba ya jimawa yake yagewa, yawancinsu kuma ba a yi su don feda mai ƙusoshi ba. Takalmin hawan dutse da ƙafa, in kana da shi, zai fi kambas nesa ba kusa ba, sai dai tafinsa mai gwatso-gwatso da tauri ba ya zama a kan feda, ka riƙa jin ƙafa na zamewa a gangara.

Bushewa ma aiki ce, kuma a ɗakin ɗalibi nan ake kashe takalmi. Ka wanke taɓon tun yana ɗanye, ka zare shimfiɗar ciki, ka sassauta igiya, ka cusa tsohuwar jarida, ka sauya ta bayan awa biyu in ta jiƙe. Ka ajiye shi kusa da hita, ba a kanta ba, don zafi kai tsaye na narkar da gam ya ɓamɓare tafin. Safar hana ruwa kuma ka busar da wajenta, ka juya ka busar da cikinta, ban da injin busar da kaya mai zafi.

Maganar alwala, na ji daɗi da ka tambaya, don a Disamba a Sheffield azahar na shiga wajen sha biyu, la'asar kafin biyu, magariba kafin huɗu. Duk wanda ya fita hawa da hantsi, salla biyu za su same shi a waje. Wanke ƙafa da ruwan rafi a sanyin digiri 3, ka mayar da ita cikin safa da danshi, shi ne ainihin abin da nake roƙonka ka guje wa. Mafi sauƙi ka yi alwala a gida dab da fita, ka yi ƙoƙarin riƙe ta. In ta karye, shari'a ta yi sauƙi da shafa a kan huffi. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, sharuɗɗan su ne huffin ya zama na fata, ɗinkakke, mai tsarki, ya rufe idon sawu, ana iya tafiya da shi, kuma an sa shi bayan cikakkiyar alwala ta ruwa. Malamanmu na da har taɓo sun ambata: in ya lulluɓe huffin, sai a goge shi kafin a shafa. Safar hana ruwa ba fata ba ce. Malamai da dama a nan Ingila sun halatta shafa a kanta, har shagunan Musulmi na sayar da ita don wannan, amma ni ba mai fatawa ba ne. Ka kai safar hannun malaminka ya taɓa ta, ya gaya maka. In ya tsaya a kan fata, siririn huffin fata na shiga cikin takalmin da ka saya da ƙarin lamba ɗaya, kuma yana tare iska. Ka riƙa tafiya da busasshiyar safa a cikin leda a jakarka, ko ma mene ne hukuncin.

TAMBAYA

Kawu, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Edmonton ta Kanada. Maigidana ya saya mini keke mai ƙatuwar taya na hawa dusar ƙanƙara, muna bin hanyoyin bakin kogi. Sanyi kan kai 20 ƙasa da sifiri. Takalmin hana ruwa zan nema ni ma?

'Yarka, daga Edmonton

AMSA

Barka kadai, 'yata, ki gaida maigidan. Naki daban ne da na ɗan'uwanki na Sheffield. A 20 ƙasa da sifiri babu ruwa a hanya, duk ya daskare, dusar kuma busasshiya ce, kakkaɓe ta ake yi. Danshin da zai cuce ki daga ƙafarki zai fito. Abin nema shi ne kaurin abin ɗumi, da sarari, da tafi mai kauri tsakaninki da feda. Kamfanin 45NRTH na Minnesota don irin sanyinku yake yin takalma, Lake ma haka, amma kafin ki kashe kuɗi, takalmin dusar ƙanƙara da kike zuwa aiki da shi zai yi, a kan feda mai faɗi ta roba mai tauri, wadda ba ta jan zafi kamar ta ƙarfe.

In za ku daɗe, ki sa siririyar safa, ki ɗora ledar burodi, sannan ki sa mai kaurin ta ulu. Gumin zai tsaya a cikin ledar, ulun ya zauna a bushe yana aikinsa. Da kin dawo ki cire, ki wanke ƙafa, ki tsane. 'Yan ƙunshin ɗumama yatsu da ake sayarwa garin ƙarfe ne a ciki, sai da iska yake yin zafi, saboda haka a matsattsen takalmi mutuwa suke yi. Ki manna su a saman yatsu, a kan safa. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sanin cewa sauyin launi ba ya saurin bayyana a fatarmu, in kuma akwai lalle a ƙafa ya ƙara ɓoyewa. Kada ki jira gani. Yatsa in yana zafi yana zogi, da sauran jini. In ya yi shiru, ku juya gida.

TAMBAYA

Kawu, mu a Jos muna hawan keke wajen duwatsun Shere, har da damina. Na ga takalmin Gore-Tex a gwanjo da araha. In saya?

Ɗanka, daga Jos

AMSA

Don damina, a'a, ɗana. Ruwan Agusta a Jos na da sanyi in an gwada da na Kano, amma bai kai wanda zai raunata jijiya a hawan awa biyu ko uku ba, kuma in ya sauko babu takalmin da zai tare shi. Mai hana ruwa zai cika, ya riƙe ruwan da gumi, ya ƙi bushewa kafin gobe, ƙarshenta cin ruwa a tsakanin yatsu. Ka nemi mara nauyi mai raga a jiki, wanda ruwa ke shiga ya fita, mai taurin baki don tuntuɓe da dutse, da siririyar safa da ba auduga ba. Ban da rambut: yana zamewa a feda, yana kuma goge ƙwauri.

Inda zai yi maka amfani shi ne safiyar hunturu a Disamba da Janairu, don yana tare iska. In don wannan ne, ka gwada shi kafin ka biya. Danna farcen babban yatsa a soson da ke tsakanin tafi da jikin takalmin. In ya marmashe ko ya yi danƙo, ya daɗe a ajiye, tafin zai rabu da shi a fita ta biyu. Ka roƙi mai kaya ya bari ka cusa takardar goge hannu har wajen yatsu, ka tsoma takalmin a kwanon ruwa zuwa ƙasan igiya na minti goma kana lanƙwasa shi. In takardar ta fito da danshi, shafin ya riga ya huje, sai ka yi ciniki a kan kuɗin takalmi na kawai.